Baƙon da Yaya Ya Bari a Shago

Yayana mai hoto ne. Idan na ce mai hoto, ba irin na yanzu nake nufi ba, da kowa zai ɗaga waya ya turo baki ya ce ya ɗauki hoto. Shi tun ina 'yar firamare yake wannan sana'a. Ga shi yau na yi ritaya daga koyarwa, gwiwa ta fara ba ni labari, shi kuwa yana nan a shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da wani ɗan kantin magani. A layin ba mai kiran sunansa. Tsaya-Haka ake ce masa, don abin da yake faɗa ke nan idan ya saita mutum a gaban kyamara. Ni dai Yaya nake ce masa, idan kuma ya ɓata min rai, sai in ce Yaya da ƙarfi.

Shagon ciki biyu ne. A na gaba akwai labule mai zanen wani dogon bene da furanni, da kujera mai juyawa, da madubi, da mataji da aka ɗaure da zare don kada a tafi da shi. Akwai kuma wata baƙar kwat a rataye jikin ƙusa. Rabin mazan unguwar a cikin kwat ɗin nan suka nemi aiki, masu ƙiba da ramammu, wanda ta yi wa yawa a kama masa ita ta baya da makamin shanya. Ɗakin ciki a da shi ne ɗakin duhu, inda yake wanke hotuna, daga baya ya zama ɗakin kwamfuta. A waje kuma akwai benci, wanda ya fi mu duka sanin labarin layin.

Mutum ne mai sanyi. Kafin Yaya ya gama amsa gaisuwa, ni na gama gaisuwa na yi tsegumi na kama hanya. Ba ya faɗa, ba ya musu, amma yana da wata ƙa'ida guda da ko da tabarya ba za ka raba shi da ita ba: ba ya tsayawa a kan mutum yana aiki. Ya ce maigidansa da ya koya masa hoto yakan tsaya masa a ƙeya a ɗakin duhu, yana huci, yana cewa "ka gani ko, ka gani ko", har ya rikice ya ɓata aikin. Tun lokacin ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa yi wa wani haka ba. Idan kafinta ya zo gida, ko mai gyaran famfo, ko mai wuta, Yaya zai nuna masa inda matsalar take, ya kawo masa ruwan sha, ya fita. A wurinsa tsayawa a kan mai aiki zagi ne, kamar ka ce masa ɓarawo ne ko bai iya ba.

Na sha yi masa magana. Wani mai gyaran famfo ya taɓa haɗawa da sifanar Yaya ya tafi. Na ce, "Yaya, ka ga irinta ko?" Ya ce, "Mutum ɗaya ya ɗauki sifana, sai in wulaƙanta duk masu sana'ar duniya?" Na ce ai shi ke nan, wata rana sai mun dawo mun tarar an kwashe ƙofar gidan, kana waje kana yi wa mai kwasa sannu da aiki. Dariya kawai ya yi.

Yaya bai tara dukiya ba. Gidan da yake ciki na gado ne, abin hawansa bai taɓa wuce tsohon babur ba. Abin da ya tara shi ne fuskoki. Tunda ya fara aiki bai taɓa jefar da fim ɗin hoton kowa ba. Kwalaye ne cike a ɗakin ciki, na masu neman aiki, na 'yan makaranta, na amare da angwaye, na jarirai da aka zaunar a kujera ana riƙe da su ta baya. Da farko kowa ya ɗauka tarkace ne, ni ce ma kan gaba wajen faɗar haka. Sai da shekaru suka ja, mutane suka fara mutuwa, sannan muka gane amfaninsu.

Za ka ga mutum ya zo ya tsaya a bakin shago yana kame-kame, sannan ya ce, "Baba, ko kana da hoton mahaifinmu?" Yaya zai tambaye shi sana'ar mamacin, da wajen lokacin da ya yi aure, da gidan wa ya zauna. Sai ya shige ciki. Wani lokaci a ranar, wani lokaci bayan kwanaki, sai ya fito da mutumin nan, saurayi, da sumarsa, da haƙoransa cif. Ba ya karɓar ko kwabo a irin wannan. Na ga manyan mutane masu gemu sun zauna a bencin nan suna share hawaye da hannun riga. Wannan ita ce dukiyar Yaya, kuma ya san da haka, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

To, fim ba ya son laima. Wata shekara rufin ɗakin ya yi yoyo, kwalayen suka jiƙe, fina-finan suka fara mannewa da juna suna wani warin tsami. Autarsa ce ta kawo ɗauki. Auta ita ce ta yi karatun kwamfuta a gidan, tana aiki a wani gari mai nisa. Ta sayo masa kwamfuta da na'urar da ake saka fim ta kwafe hoton, ta zauna da shi har ya iya. Daga nan duk yamma idan kasuwa ta lafa, sai ya shiga ciki ya yi ta kwafa ɗaya bayan ɗaya, yana jera su shekara-shekara. Shekaru ya ɗauka yana wannan aiki. Kafin ya gama, yawancin fina-finan sun ruɓe, sai zubar da su aka yi. Mutanen unguwa kaf, rayayyu da matattu, suka koma cikin akwatin nan da ke kan teburinsa.

Da yake kwamfuta ba ta rasa rigima, yau firinta ta ƙi, gobe wani abu ya ɓace, sai Auta ta saka masa wata manhaja da ke ba ta damar shiga kwamfutarsa daga can inda take. Idan ya buɗe, wasu lambobi za su fito, ya karanta mata a waya, ta shigar a tata. Nan take sai ka ga 'yar kibiyar nan ta kan allo ta fara yawo ita kaɗai, ba mai taɓa ta. Ranar farko Yaya ya ja kujera baya yana salati. Da ya saba kuwa, sai ya koma halinsa. Da zarar kibiya ta motsa, sai ya tashi ya ja labule ya fito benci. Idan wani ya zo, sai ya ce, "Ɗan jira kaɗan, Auta na ciki tana aiki." Mai gyaran takalmi ya taɓa shiga don ya gaishe ta, ya fito yana waige-waige.

Auta ta yi ta fama da shi. "Baba, ka zauna mana ka ga abin da nake yi, ko ka koya."

"Ke dai yi aikinki. Ni ba na tsayawa a kan mai aiki, ko da ni na haife shi."

Abu biyu ta roƙe shi. Na farko, kada ya taɓa karanta wa kowa lambobin nan sai ita. Na biyu, ta ba shi wata 'yar na'urar ajiya, girmanta bai wuce sabulu ba, ta ce ya riƙa kwafe hotunan a ciki, idan ya gama ya zare ta ya saka a durowa. Ya ce to. Kwafewar dai yana yi, amma zarewa ta gagara, don wayar ta bayan tebur take, sai an durƙusa, shi kuma bayansa ba ya son durƙuso. Haka ya bar ta a jone shekara da shekaru.

Abin ya faru ne wata ranar aiki da hantsi. Yadda ya ba ni labari daga baya, ya shiga intanet yana neman inda ake sayar da tawadar firinta. Yana danna wani wuri, sai allon ya koma ja wur, wata ƙara ta cika ɗakin kamar ta motar asibiti. Ga rubutu manya-manya, wai muguwar cuta ta shiga kwamfutar, duk abin da ke ciki zai goge, kada a kashe, a kira wannan lamba yanzu-yanzu. Ya danna nan, ya danna can, abin ya ƙi tafiya. Ya kira Auta, ba ta ɗauka ba, tana cikin taro a wurin aiki. Ya sake kira, shiru. Ƙarar kuma ba ta daina ba. Sai ya kira lambar.

Wanda ya fara ɗauka da Turanci ya yi magana. Da ya ji Yaya na lalube, sai ya haɗa shi da wani mai jin Hausa. Nan aka gama da Yaya. Ya ce tunda yake bai taɓa jin yaro mai ladabi irin wannan ba. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki da gajiya, sannan ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Mu ne ma'aikatan kamfanin da ke kula da irin waɗannan kwamfutoci. Me ke ciki da ka fi tsoron rasawa?"

Yaya ya kwashe komai ya gaya masa. Hotunan, da shekarun da ya yi yana kwafa, da yadda fina-finan suka ruɓe, har da 'yar na'urar ajiyar da ke jone a baya. Shi da bakinsa ya nuna wa ɓarawo inda taskar take, ya kuma gaya masa babu irinta a wani wuri.

Yaron ya ce, "Allah sarki, Baba, wannan ai amanar jama'a ce, ba za mu bari ta salwanta ba. Akwai wata manhaja da wani yake shiga ya taimaka maka daga nesa?"

"Akwai ta 'yata."

"Madalla, 'yarka ta san aiki. Buɗe ta ka karanto min lambobin."

Yaya ya ce a nan ya ɗan tsaya. Ya ce masa, "Ta ce kada in karanta wa kowa sai ita."

"Gaskiyarta, Baba, ni ma haka nake gaya wa mahaifina. Amma kafin ta fito daga taron nan komai ya goge. Idan ta fito, ka ba ta lambata, ni zan yi mata bayani da kaina."

Ya karanta masa. Kibiya ta motsa. Cikin ƙiftawar ido jan allon ya ɓace, ƙarar ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit. Daga baya Auta ta gaya mana babu wata cuta tun farko, shafi ne kawai na tsoratarwa, su suka dasa shi, rufe shi kuma ko ɗan firamare zai iya idan ya san inda ake dannawa. Amma Yaya a lokacin gani ya yi an ceto shi. Yaron ya ce, "Baba, sauran aikin zai ɗan ɗauki lokaci. Don Allah kada ka taɓa komai."

Yaya ya ce, "Haba ɗana, ni ma mai sana'a ne. Yi aikinka a natse." Ya ajiye waya, ya ja labule, ya fito benci.

Ni kuma bayan azahar na biyo ta layin, daga asibiti nake, an duba min gwiwa. Na tarar da shi a zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, suna hira da mai takalmi, fuskarsa fes.

Na ce, "Yaya, yau hutu ake?"

Ya ce, "Ana aiki a ciki."

"Auta ce? Ba ni waya in gaishe ta, kwana biyu ta yi min rowar muryarta."

"A'a, wani yaron kirki ne daga kamfanin kwamfuta. Malama, da kin ji ladabi. Har yanzu akwai 'ya'yan mutane a duniya."

Ni dai kwamfuta ba fannina ba ne, amma na yi shekaru ina koyar da yara, na san duk yaron da ladabinsa ya yi yawa, akwai abin da ya fasa. Na nufi ƙofa. Yaya ya ce, "Kada ki shiga, ba a gama ba." Na yi kamar ban ji ba, na ɗaga labule.

Kibiyar na ta kai da kawowa. Ga jerin shekarun nan a buɗe, ga ƙananan fuskoki layi-layi. Ina kallo, ɗaya bayan ɗaya suna komawa farar takarda, sunansu na canzawa zuwa wasu haruffa marasa ma'ana. Wata amarya na gani da idona, na san ta, na koyar da 'ya'yanta, kafin in gama gane ta ta zama fari. Na kira Auta, Allah ya sa ta fito daga taron. Ban gama bayani ba ta katse ni da ihu.

"Gwaggo, zare wayar wuta! Zare komai, yanzu!"

Yaya na tsaye a bakin labule. Ya ce, "Ki bari in kira shi in gaya masa tukuna. Ba a katse mutum yana tsakiyar aiki."

Na durƙusa da wannan gwiwar da likita ya gama ja min kunne a kanta, na fizge duk wayar da hannuna ya kai. Allon ya mutu.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Na ce ya saka a sifika. Muryar nan ce, da ladabinta, ko kaɗan bai rage ba. Ya ce, "Baba, na ga an kashe. Ba komai, mun riga mun gama. Hotunanka suna nan a kulle, makullin yana hannunmu. Idan ka biya abin da za mu faɗa maka, sai mu buɗe."

Yaya ya ce a hankali, "Ɗana, amana fa na ba ka. Har fita na yi na ba ka wuri."

Yaron ya ce, "Kowa da sana'arsa, Baba."

Ni na karɓi wayar, kuma abin da na gaya masa ba zan rubuta a nan ba, don akwai ɗalibaina da ke ganin girmana har yanzu. Ban ma sani ba ko ya ji, ina jin tun kalmar farko ya kashe.

Auta ta iso a ƙarshen mako. Ta ɗauki kwamfutar da 'yar na'urar ajiyar ta kai wa abokan aikinta, suka yi iya yinsu. Duk biyun an kulle su, tunda a jone suke. Yaya ya so ya biya, har ya fara maganar sayar da babur. Auta ta ce, "Baba, mutane da yawa sun biya ba su ga komai ba, sai ma a sake dawo maka." Suna cikin wannan ja-in-ja, lambar ta daina shiga gaba ɗaya, ko mai karɓar kuɗin ma babu. Auta ta kai ƙara inda ake kaiwa, aka rubuta, aka ce za a bincika. Ta canza masa lambobin sirri, ta je banki aka toshe katinsa, ta goge manhajar nan da hannunta tana kuka, wai ita ta buɗe musu hanya. Na ce mata ta yi min shiru, mai saka ƙofa a gida ba shi ne ɓarawo ba.

Bakina ya cika da magana a kwanakin nan. Shekara nawa ina faɗa masa? Amma duk lokacin da na buɗe baki, sai in kalli fuskarsa in haɗiye. Tausayinsa na ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya daina zuwa shago, ya koma zama a tsakar gida yana kallon bango. Magana ɗaya ya yi min a kan abin, wata safiya da na kai masa shayi. Ya ce, "Da na zauna, da na gani. Ban iya karatun kwamfuta ba, amma ai na san fuskokin mutanena idan suna ɓacewa. Ina waje ina yabonsa, shi yana ciki yana binne min su."

Mai gyaran takalmi ne ya fara. Wata rana ya zo gidan da hotonsa na saurayi a cikin firam, gilashin ya tsage, ya ce, "Tsaya-Haka, wannan aikinka ne, ka mayar da shi inda yake." Labari ya bazu. Mata suka riƙa sauko da hotuna daga bango, maza suna zaro nasu daga walat, wani duk ya kode, wani ɓera ya ci gefe. Mai kantin magani ya kawo na iyayensa a cikin leda. Dole Yaya ya buɗe shago, don mutane sun fara taruwa a bencin suna jiransa. Auta ta haɗa masa kwamfutar ba tare da intanet ba, ta kawo na'urar ajiya biyu, ɗaya a durowarsa, ɗaya a gidana, ta ce ni ce mai gadi. Ya koma kwafa da yamma kamar da. Na ji daɗi, kowa ya ji daɗi, har aka fara cewa ai komai ya dawo. Yaya bai taɓa cewa haka ba. Ya san abin da ya dawo shi ne wanda dama yake hannun masu shi. Wanda ya tafi shi ne wanda babu mai shi sai shi kaɗai.

A cikin kwanakin ne fitilar shagon ta lalace, aka kira mai wuta. Ina wurin. Yaya ya nuna masa wajen, ya kawo masa ruwa, ya nufi ƙofa. Sai ya tsaya. Ya dawo ya ja kujera mai juyawa ya zauna yana kallon hannun mutumin, kunya duk ta kama shi. Ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, ba zarginka nake ba." Mai wuta ko a jikinsa, ya saba a tsaya masa a kai. Ni da na yi shekaru ina neman wannan rana, sai na ji ba ta yi min daɗi ba ko kaɗan. Haushin yaron wayar nan ya sake taso min sabo.

Bayan 'yan makonni, wata yamma ina zaune a shagon ina taya shi goge gilashin firam, sai wata babbar mota ta tsaya a tsallaken titi. Direban ya sauko ya tsallako. Magidanci ne, ƙaƙƙarfa, hannunsa duk baƙin mai. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya fara kame-kamen nan da muka sani.

Ya ce, "Baba, an ce kai kake ajiye hotunan mutanen unguwar nan. A nan aka haife ni. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, dangin babana suka ɗauke ni zuwa wani gari. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Ƙanwarta ce ta ce min ta taɓa ɗaukar hoto a wurinka, lokacin da za ta fara aiki a masaƙa."

Yaya ya ce, "'Yar gidan wa ce?"

"Babanta mai gyaran keke ne, a bayan tasha."

"Doguwa? Wadda ta auri mai tuƙin motar burodi?"

Mutumin ya miƙe zumbur. "Ita ce, Baba. Wallahi ita ce."

Yaya ya tashi ya nufi ɗakin ciki, yadda ƙafarsa ta saba. Ya kai hannu zai ɗaga labule, sai hannun ya tsaya. Ya daɗe a haka, ya ba mu baya. Sannan ya juyo ya ce wa mutumin ya zauna, ya gaya masa abin da ya faru, tun daga jan allo har zuwa benci, bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa kowa ba.

Direban ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To Baba, tunda ka san ta, yaya take?"

Yaya ya ce, "Doguwa ce, baƙa, mai dogon wuya. Tana da wushirya. Ranar da ta zo, ita da wata ƙawarta suka zo, ƙawar ta tsaya a bayana tana yi mata gwalo. Hoton neman aiki ba a son dariya, ita kuwa da na ce ta natsu sai ta fashe. Ta ɓata min fim sosai. A ƙarshe na kori ƙawar waje, sannan muka samu ɗaya mai kyau. Amma waɗanda ta yi dariyar ma ban jefar ba. Sun fi kyau."

"Wushiryar a sama take ko a ƙasa?"

"A sama."

"Ina kama da ita?"

Yaya ya kalle shi sosai, daga goshi har haɓa. Na yi ta addu'a a zuciyata ya ce eh, ko da ƙarya ce, wa zai kama shi? Amma Yaya ne. Ya ce, "A'a. Babanka ka ɗauko kaf."

Mutumin ya gyaɗa kai. Ya yi ta tambaya, kunnenta, hannunta, irin kayan da ta saka, Yaya na amsa abin da ya tuna, wanda bai tuna ba ya ce bai tuna ba. Da tambayoyin suka ƙare, ya tashi ya yi godiya, ya ce lodi ne a motar, dole ya kama hanya. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ka san Baba, na sha wucewa ta titin nan da mota. Kullum sai in kalli shagon in ce wata rana zan tsaya."

Yaya ya ce, "Duk wucewar da ka yi tana ciki, ɗana. Ba kai ka makara ba. Ni na buɗe musu."

Direban ya tsallaka titi, ya hau motarsa, ya daɗe bai tayar ba. Yaya na tsaye a bakin shago har ta tashi ta sha kwana.